Yaya da Ƙanwa: Peugeot 404 da 504 a Kan Sikeli

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar tsofaffin direbobi, ko a tashar Kawo ta Kaduna ko a Unguwa Uku ta Kano, ya san akwai gardamar da ba ta tsufa. Da zarar an ambaci Fijo sai majalisa ta rabu biyu. Wannan ya ce tun da aka daina ƙera 404 ba a ƙara yin mota ba, sai dai kwalliya. Wancan ya ce 404 share fage kawai ta yi, 504 ce mai wasan. Kowa da hujjarsa, kuma hujjar daga gumi ta fito: wani shekara ashirin ya yi yana riƙe da sitiyarin ɗaya, wani da ɗayar ya yi aure, ya gina gida, ya sauke farali. Tun ina yaro nake jin wannan muhawara, na kuma shiga duka motocin biyu, gaba da baya, har da bayan akori-kura a tsakanin buhunan gero. Ina so in ɗora su a sikeli ɗaya, yaya da ƙanwa 'yan ɗaki ɗaya, mu ga inda kowace ta rinjaya.

Gidan da suka fito tsoho ne. Iyalin Peugeot na gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan, sun shiga sana'ar ƙarfe tun 1810. Zarto suka ƙera, da injin niƙa gahawa da na barkono, sannan kekuna, kafin su kai ga mota a ƙarshen ƙarni na 19. Zakin da ke hancin motar ma asalinsa tambarin zarto ne, alamar kaifin haƙori da taurin ƙarfe. A 1929, da wata mota da suka kira 201, suka fara al'adar raɗa wa motocinsu lamba uku da sifiri a tsakiya. Babbar masana'antarsu tana garin Sochaux, kuma can aka haifi motocin nan biyu, shekara takwas tsakani.

404 ta fito a watan Mayun 1960, shekarar da Nijar da Nijeriya suka sami mulkin kai, ɗaya a Agusta ɗaya a Oktoba. Ta iso ƙasashenmu tare da sabon ajin mutane: shugaban makaranta, babban akawu, ɗan majalisa, ɗan kasuwar da ya fara jin ƙamshin kuɗin gyaɗa da auduga. Kwalta kaɗan ce a lokacin, burji ne ya fi yawa, kuma motar da za ta yi suna sai ta fara shan gargada ba ta wargaje ba. Ita kuwa 504 a watan Satumban 1968 aka nuna ta a Paris, bayan yajin aiki da boren ɗalibai na watan Mayun shekarar sun jinkirta fitowarta. Shekara ba ta zagayo ba 'yan jaridar Turai suka zaɓe ta gwarzuwar motar 1969, karo na farko da gidan Peugeot ya sami wannan lambar. Yayarta ba ta taɓa samu ba, amma ba laifinta ba ne, don sai a 1964 aka fara bayar da lambar. A Nijeriya lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa, saboda haka 504 ba ta baje kolinta sosai ba sai da aka ajiye makamai, kuɗin fetur ya shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975. Ɗaya ta zo lokacin da ake ƙirga kwabo, ɗaya ta zo lokacin da aljihu ya cika, kuma wannan ya shafi yadda ake tunawa da kowace.

Ta fuskar sura, gidan zane ɗaya ne ya fitar da su, wato Pininfarina na Italiya, amma ba su yi kama ba. 404 miƙaƙƙiya ce, layukanta a tsaye, fitilunta zagayayyu, bayanta da 'yan fikafikai biyu masu tsini irin na yayin wancan zamani. Kamar mutum ne cikin kaftani mai guga: tsaf, ba ƙari ba ragi. Masu suka sun ce ta yi kama da Fiat 1800 da Austin Cambridge, kuma ba su yi ƙarya ba, don hannu ɗaya ne ya zana ta da Austin ɗin a kusan lokaci guda. 504 ba ta yi kama da kowa ba. Fitilunta masu kusurwa ne, a ɗan karkace kamar idon da aka sa wa kwalli, but ɗinta kuma ya miƙe sannan ya karye ya gangara, yadda ko da magariba ka hango ta daga nesa ka san ita ce. Babbar riga ce mai aiki a ƙirji. Wanda ke son natsuwa zai zaɓi ta farko, wanda ke son kwarjini zai zaɓi ta biyu. Ni dai a nan ina ganin ƙanwar ta fi, domin fuskarta tata ce, har motocin Peugeot da suka biyo baya shekaru da dama suna aron idonta.

Idan aka ɗaga bonet, zumuncin ya fi fitowa fili. Injin 404 mai silinda huɗu ne, lita 1.6, an kwantar da shi a karkace domin hancin motar ya yi ƙasa. Na 504 ɗan gidan ne aka ƙara masa girma: lita 1.8 da farko, sannan lita 2 daga 1970, shi ma a karkace. Duka biyun gangar jikinsu baƙin ƙarfe ne, kansu alminiyam, kuma sarƙa ce ke daidaita bugunsu a maimakon bel ɗin roba da ke tsinkewa ba sallama. Abin da ya fi sa makanikai son su shi ne bututun da fistin ke kai-komo a ciki ana zare shi a sa sabo. Inji ya tsufa, ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, sai a sauke shi a gindin bishiya, a canja bututu da fistin da ringi, a ɗaure, ya dawo kamar jiya aka saye shi. Ana iya yin haka sau uku, sau huɗu, a rayuwar mota ɗaya. A Turai an sayar da nau'in kowace mai fesa fetur da famfon Kugelfischer, mai ƙarin ƙarfi da ƙarin tsada, amma a nan kafireta aka riƙe, wadda yaron gareji zai kwance ya wanke da fetur ya hura da baki ya mayar. Bambancin da ke akwai na ƙarfi ne. 404 ta farko tana kaiwa wajen kilomita 140 a awa. 504 ta haura 150 tun fitowarta, kuma idan ta ɗauki cikakken lodi ba ta nishi a hawa kamar yadda yayarta ke yi.

A ƙarƙashin mota ne suka rabu da gaske, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Tayoyin bayan 404 a kan aksil guda suke, sandar ƙarfe ɗaya ta haɗa su, idan ɗaya ta faɗa rami ɗayar ta ji. Tsohuwar dabara ce, ba ta da laushi sosai, amma kayan da za su lalace a cikinta kaɗan ne. Furofela kuma a cikin bututun ƙarfe take, dutse ba ya dukanta, yashi ba ya cin ta. Birkinta na farko mai ganga ne a tayoyi huɗu, sai wajen ƙarshen shekarun 1960 aka sa mata mai faifai a gaba. 504 salun ta zo da sabon tsari: kowace taya da 'yancinta, birki mai faifai gaba da baya, tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ta tashi daga mita 2.65 zuwa 2.74, sifirin dogaye masu nisan lotsawa, kujeru masu taushi kamar katifa. Wanda ya taɓa bin hanyar burji a cikinta ya san abin da nake nufi. Gargadar da ke sa haƙoran mutum kaɗawa a wata motar, a 504 sai ka ji ta can ƙasa kamar ganga a wata unguwa. A 404 kana jin hanya, kana sanin abin da kake takawa. A 504 hanyar ce ake ba ka labarinta.

Sai dai a riƙe wani abu guda, domin za mu dawo kansa. Da kamfanin ya tashi yin 504 wagon a farkon shekarun 1970, mai tsawon tazara mita 2.90 da layin kujeru uku, bai sa mata sabon tsarin nan a baya ba. Aksil guda ya mayar mata, irin na yayarta, da sifirin huɗu don ɗaukar nauyi. A 1973, da ya fitar da salun mai sauƙin kuɗi da ake kira 504 L, ita ma aksil guda aka sa mata. Fikof ɗin 504 kuwa sai a 1979 ya fito, shekara goma sha ɗaya bayan salun, kuma duk tsawon wannan lokaci fikof ɗin 404 ne ke riƙe da aikin.

Akwai fagen da aka gwada su a gaban duniya, kuma a nahiyarmu yake. Gasar Safari ta Gabashin Afirka a zamanin 404 tsere ne na kusan kilomita dubu biyar a hanyoyin Kenya da Uganda da Tanzaniya, ana yin sa a lokacin Ista, sa'ad da damina ke mayar da hanya taɓo. 404 ta cinye shi sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. A 1963 motoci 84 suka tashi, bakwai kacal suka kai ƙarshe, kuma 404 ɗin Nick Nowicki ce a gaba. Shi ya sake ci a 1968, Bert Shankland kuma ya ci biyun tsakiya. 504 ta ci sau biyu: a 1975 da Ove Andersson ɗan Suwidin, a 1978 da Jean-Pierre Nicolas ɗan Faransa, shi a cikin nau'in mai ƙofa biyu da injin silinda shida. Huɗu sun fi biyu, amma lissafin bai ƙare nan ba. A zamanin 504 gasar ta riga ta shiga jerin gasannin duniya, manyan kamfanoni sun zo da kuɗi da ƙwararru, kuma motocin da Andersson ya bari a baya a 1975 Lancia Stratos ne, waɗanda don tsere kawai aka ƙera su. A shekarar ma 504 ta ci gasar Maroko a hannun Hannu Mikkola. To amma nasarar 404 tana da wani armashi na daban: waɗanda suka tuƙa ta mazauna Kenya da Tanzaniya ne, kuma motar tana kusa ƙwarai da wadda mutum zai shiga kanti ya saya. Wanda ya ji labarin a rediyo ya san motar da ke ƙofar gidansa ake nufi. Har injin gas ɗinta ya kafa tarihi a 1965 a filin Montlhéry kusa da Paris, inda wata 404 da aka gyara musamman ta yi awa 72 tana zagaye a matsakaicin gudun da ya haura kilomita 160 a awa.

Amma mutumin Gumel ko na Madawa ba a filin tsere ya san su ba, a wurin neman abinci ya san su. A nan kowace tana da masarautarta.

Masarautar 404 kasuwar ƙauye ce. Akori-kura, da tamfol a sama da benci biyu a ciki, ita ta haɗa ƙauyukan da babbar mota ba ta shiga da kasuwannin mako. Kamfani ya ce ta ɗauki kusan tan guda. Masu ita suka ƙara mata ganyen sifirin, suka ɗaure mata katako a gefe, suka ɗora mata abin da ya ninka haka. Buhunan hatsi a ƙasa, mata da ƙwaryar nono a kan buhuna, awaki a ɗaure a kusurwa, kaji a rataye, yaron mota a tsaye a kan bamba yana riƙe da ƙarfe yana kiran sunan gari. Da ita aka kai amare, da ita aka kai mai naƙuda asibiti cikin dare, da ita aka kai gawa makwanci. A Nijar, inda ake kiranta da lambarta cikin Faransanci, kat-san-kat, aikin ɗaya ne, sai dai yashin ya fi zurfi. Giyarta a jikin sitiyari take, saboda haka gaban ya zama benci ɗaya da mutum uku ke zama, wani lokaci huɗu. Ba wanda ya shiga akori-kura don jin daɗi. An shiga ne don babu wata, kuma ta kai mutum.

Masarautar 504 doguwar hanya ce. Wagon ɗinta ita ce sarauniyar tasha daga tsakiyar shekarun 1970 har kusan ƙarshen ƙarni: Kano zuwa Maiduguri, Kaduna zuwa Sakkwato, Jos zuwa Yola, Maraɗi zuwa Yamai. An yi ta don mutum bakwai ko takwas, 'yan kamasho suka mayar da ita ta tara ko goma, biyu a gaba kusa da direba, huɗu a tsakiya, uku a can baya inda gwiwa ke taɓa haɓa. Duk da haka fasinja ya gwammace ya ƙara kuɗi ya shige ta da ya jira bas, don ta fi saurin cika, ta fi saurin isa. Ita ta rage nisan garuruwanmu. Ɗan kasuwar da a dā sai ya kwana a hanya ya koma yin sammako ya sari kaya a Kantin Kwari ya kwana a gidansa. Wannan saurin kuwa yana da farashi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mota mai nauyi, cike da mutane fiye da ƙima, a kan siririyar kwalta, da taya mai tsufa da direban da ke son ya yi sawu biyu kafin dare: gidaje da yawa a ƙasar nan sun karɓi gaisuwa ta dalilin wagon. Akori-kura ma ta kashe, musamman idan lodi ya rinjaye ta ta kife, amma rashin gudunta ya sha zama rahama.

Sannan akwai abin da 504 ta samu wanda yayarta ba ta samu ba, wato gwamnati. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, aka buɗe masana'antarsa a Kakuri ta Kaduna a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. An harhaɗa 404 a can a shekarun farko, amma 504 ce ta zama 'yar gida. Shekarun nan ne tashar jiragen ruwa ta Legas ta cunkushe da jiragen siminti, kuma kayan motar ta sama ake kawo su: jiragen kamfanin UTA suna ɗauko su daga Liyon su sauke a filin jirgin saman Kano, manyan motoci su kai su Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, ta ce manyan jami'ai su ajiye Marsandi su shiga 504. Daga nan ta zama motar gwamna da kwamishina da babban sakatare, motar 'yan sanda, motar asibiti, motar da ma'aikaci ke saya da bashin mota ya yi shekaru yana biya. Na daɗe ina ganin wannan a matsayin abu mai kyau da muka taɓa yi: shugaba da malamin makaranta da fasinjan tasha duk a mota iri ɗaya, wadda 'ya'yanmu suka ɗaure kusoshinta a Kaduna. Sama da dubu 400 aka harhaɗa a can kafin a tsaya a tsakiyar shekarun 2000. Masu goyon bayan 404 sukan ce to ai ga shi nan, gata aka yi wa ƙanwar, doka ce ta cika titi da ita. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai doka tana iya tilasta wa babban sakatare, ba ta iya tilasta wa direban haya da ke saye da kuɗin guminsa, kuma shi ma ita ya zaɓa.

Ta arewa ma sun shigo, kuma a wannan hanyar kafaɗa da kafaɗa suka tafi. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha, su haye teku da ita zuwa Aljeriya, su gangaro Tamanrasset, su ratsa wajen kilomita 400 na yashi zuwa In Guezzam, su shigo Nijar ta Assamaka, su bi Arlit zuwa Agadas, su sayar da ita a can ko a Tawa ko Yamai, su koma gida a jirgi da ribarsu. Motoci ne da ƙafafun baya kawai ke ja, waɗanda Bature ya riga ya gama cin moriyarsu, amma suka ƙetare Sahara suka fara sabuwar rayuwa ta shekara ashirin. Waɗanda ba su kai ba, gawarwakinsu sun zama alamar hanya. Rikicin Aljeriya na farkon shekarun 1990 ne ya rufe wannan ciniki. Dalilin da ya sa Fijo kawai ake kawowa a bayyane yake: ita mai saye ke nema, don ya san kayanta na nan a kowace kasuwa, kamar yadda suke a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano.

Aibinsu kusan ɗaya ne, ba sai an daɗe a kai ba. Tsatsa tana cin ƙasansu, abin da ya hallaka su a Turai inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, busasshiyar iskarmu kuma ta yi musu rai. Kan injin ba ya son zafi: lagireto ya toshe, direba ya yi sakaci, sai gaskit ya ƙone. Suna shan mai idan aka gwada su da motocin yau, 504 ta fi sha. Babu ɗayarsu da ke da kariyar da motar zamani ke ba wanda ke ciki idan an yi karo. Kuma abu ɗaya ya kawar da su daga manyan hanyoyi: faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika kasuwa, Golf da Sharon da bas-bas na Japan suka karɓe tasha, gwamnati kuma daga 2003 ta koma bai wa jami'anta kuɗi a maimakon mota.

Idan aka koma ga ƙidaya, ƙanwar ce a gaba. An ƙera 404 kusan miliyan 2.9, an daina salun ɗinta a Faransa a 1975, amma Kenya ta ci gaba da harhaɗa fikof har 1991, shekara talatin da ɗaya ke nan. 504 ta haura miliyan uku. Turai ta daina salun a 1983, Ajantina ta riƙe ta har 1999, Kenya da Nijeriya suka kai ta cikin sabon ƙarni, rayuwar da ta doshi shekara arba'in.

To ina sikelin ya karkata? Idan tambayar ita ce wace ta fi zama mota, ba na jinkiri: 504 ce. Ta fi ƙarfi, ta fi faɗi, ta fi birki, ta fi daɗin zama, ta fi kyan fuska, ta fi daɗewa. Da za a ajiye mini su biyu a ce in tafi Maiduguri gobe da asuba, makullinta zan ɗauka. Amma idan tambayar ita ce wace ta fi cancantar yabon da ake yi wa Fijo a ƙasar Hausa, sai in tuna da abin da na ce a riƙe. 504 ɗin da ta ci lambar Turai ita ce salun mai sabon tsari. Wadda ta ɗauki talaka da kayansa kuwa, wagon da fikof, ita ce wadda aka mayar wa aksil guda, aka bar mata kafireta, aka bar mata injin da asalinsa na 404 ne. Duk inda aiki ya yi tsanani, kamfanin da kansa dabarar yayar ya koma ya ɗauko. Ban da haka, ranar da 504 ta iso ta tarar an riga an yarda da zaki: makanikai sun san injin, 'yan kasuwa sun tara kayan gyara, mai saye ba ya buƙatar a lallashe shi. Wannan amana 404 ce ta tara ta a kan burji, lokacin da ba masana'anta a Kaduna, ba dokar gwamnati, ba kuɗin fetur. Saboda haka nawa sikelin ya karkata ga yayar, kaɗan, kuma ba zan ga laifin wanda nasa ya karkata ga ƙanwar ba.

A damina ta bara, ranar kasuwar wani gari a gabashin Kano, na ga wata akori-kura 404 ana yi mata lodin buhunan masara. Fentinta ya ƙare sai jan ƙasa, ƙofar direba da igiya aka ɗaure ta, amma zakin na nan a hancinta. Mai ita dattijo ne, yana zaune a kan bamba yana cin goro. Na gaishe shi, na ce, "Baba, har yanzu injinta na asali ne?" Ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana, wane inji zai kai yau? Zo ka gani." Ya ɗaga bonet ya tokare shi da sanda. Injin 504 ne a ciki, mai lita 2, a kwance a karkace kamar don nan aka yi shi. Ya ce a Ƙofar Ruwa ya saye shi, kuma bai sha wahala ba wajen zaunar da shi. Aka gama lodi, mata uku suka hau kan buhunan, yara suka tura ta taku biyar ya saki kuloci, ta kama, ta bi burji ta nufi ƙauyensu.